Kanwa Uwar Gami: Yadda Masana Suka Kama Bakteriyar Ciwon Dasashi da Hujja

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa yin asuwaki ya tofar ya ga jini-jini, ya san mafarin abin da za mu yi magana a kansa. Ciwon dasashi yakan soma ne da ɗan kumburi da zubar jini, in aka yi sake sai ya nutsa ƙasa ya riƙa cin ƙashin da ke riƙe da haƙori, har haƙorin ya fara girgiɗa ya faɗi alhali ko kogo bai yi ba. A rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2022, an ƙiyasta cewa fiye da mutum biliyan 1 ne ke fama da matsanancin nau'in wannan ciwo, wato kusan kashi 19 cikin 100 na manyan mutane.

Maƙasudin wannan maƙala shi ne mu bi sawun masana mu ga yadda suka daɗe suna zargin wasu 'yan halittu da ido ba ya gani, waɗanda ake kira bakteriya, da haddasa wannan ciwo, da kuma yadda zargin bai zama hujja ba sai da suka koyi cire ƙwayar gado ɗaya tak daga jikin bakteriya su ga abin da zai biyo baya. Za mu fi mayar da hankali a kan guda ɗaya daga cikinsu, mai suna Porphyromonas gingivalis, domin a kanta aka fi shan wahala, kuma a kanta aka fi samun darasi.

Ɗan Kasuwar da Ya Fara Gani

Labarin ya faro ne daga garin Delft na ƙasar Holan, a hannun wani mai sayar da yadi, Antonie van Leeuwenhoek, wanda bai yi karatun jami'a ba, amma ya gwanance wajen goge gilashi ya haɗa madubi mai ƙara girman abu. A watan Satumba na 1683 ya aika wa Ƙungiyar Masana ta Masarautar Ingila da ke Landan wasiƙa, inda ya bayyana cewa ya kankaro farar dauɗar da ke tsakanin haƙoransa, ya dama ta da ruwa, ya duba, sai ya ga 'yan halittu birjik suna iyo, wasu kamar sanda, wasu a murɗe. Ya kuma duba ta bakin wasu tsofaffi da ba su taɓa wanke baki ba, ya tarar tasu ta fi yawa nesa ba kusa ba. Bugu da ƙari ya kurkure baki da ruwan tsami na binega, ya lura cewa na saman dauɗar kaɗai suka mutu, na can ciki suna nan da ransu.

Leeuwenhoek ya gani, ya zana, ya aika. Bai ce su ne ke kawo ciwo ba, kuma aka yi kusan shekara 200 kafin wani ya ɗora daga inda ya tsaya.

Zargi Ya Yi Yawa, Shaida Ta Yi Kaɗan

A shekarun 1880 likitan nan na Jamus, Robert Koch, ya shimfiɗa sharuɗɗan da za a cika kafin a ce bakteriya kaza ce ke kawo cuta kaza. Dole a same ta a jikin mai ciwon, a ware ta a rene ta ita kaɗai a ɗakin gwaje-gwaje, a sa wa lafiyayyar dabba ta kamu da irin ciwon, sannan a sake zaƙulo ta daga jikin dabbar. Da irin wannan hanya aka kama bakteriyar tarin fuka a 1882.

Da aka zo kan baki sai lamarin ya cije. Wani likitan haƙori Ba'amurke mazaunin Balin, Willoughby Miller, wanda ya yi aiki a ɗakin gwaje-gwajen Koch, ya wallafa littafinsa a kan ƙananan halittun bakin ɗan'adam da Ingilishi a 1890. Abin da ya tsaya a kai game da ciwon dasashi shi ne, babu wata bakteriya guda da za a ɗora wa laifi, taron dangi ne. Kuma yana da dalili, domin a yau an san nau'in bakteriya wajen 700 ne ke iya zama a bakin mutum. A irin wannan kasuwa, wa za a kama?

A 1921 wasu masana biyu a Amurka, Oliver da Wherry, suka rena wata bakteriya a faranti mai abincin da aka haɗa da jini, suka ga tulinta yana rinewa ya koma baƙi ƙirin bayan 'yan kwanaki. Wannan baƙin launi shi ya zama alamar da aka riƙa bi har tsawon shekara 60, kafin a tantance cewa dangi ne masu yawa aka haɗa a ƙarƙashin suna ɗaya. A 1980 aka ware ta cikin baki aka raɗa mata suna Bacteroides gingivalis, a 1988 kuma Shah da Collins suka mayar da ita sabon gida mai suna Porphyromonas.

Kafin nan, a 1965, Harald Löe da abokan aikinsa a garin Aarhus na ƙasar Denmak sun yi wani gwaji mai sauƙi. Suka sami mutum 12 masu lafiyayyen dasashi, akasarinsu ɗalibai, suka ce su daina goge baki ɗungurungum. Tsakanin kwana 10 zuwa 21 kowannensu dasashinsa ya kumbura, da suka koma goge baki kuwa, cikin kusan mako guda ya warke. Wannan ya tabbatar da cewa dauɗar haƙori ce tushen kumburi, amma bai nuna wace ce daga cikin mazauna dauɗar ke cin ƙashi ba. A 1976 Walter Loesche ya fito da ra'ayin cewa 'yan kaɗan ne masu laifi a cikin taron. A 1988 kuma Stanley Holt da jama'arsa a jihar Texas suka dasa baƙar bakteriyar nan a dasashin birai, suka ga ƙashi ya soma zaizayewa.

To, an sami wadda ake tuhuma. Sai dai bakin biri ma cike yake da wasu bakteriyoyin, kuma akan sami baƙar a bakin wasu mutane masu lafiya. Sauran tambaya ita ce: da wane makami take ɓarnar, kuma yaya za a tabbatar?

Sabon Sharaɗi da Sabbin Kayan Aiki

A shekarar 1988 ɗin dai, Stanley Falkow na Jami'ar Stanford ya sabunta sharuɗɗan Koch. Ya ce in ana zargin wata ƙwayar gado da cewa ita ke ba bakteriya ikon cutarwa, to a lalata ta ita kaɗai, a ga ko cutarwar za ta ragu, sannan a mayar da ita a ga ko cutarwar za ta dawo.

Don mu fahimci wannan, sai mu ɗauki sinadarin gado na DNA a matsayin dogon rubutu da aka yi da haruffa huɗu kacal. Kowace ƙwayar gado tamkar jimla ɗaya ce a cikin rubutun, mai ɗauke da umarnin yadda za a ƙera furotin guda. Marubuci ya san cewa in yana son sanin amfanin wata jimla a labarinsa, sai ya soke ta ya sake karantawa. Abin da Falkow ya nema ke nan a yi wa bakteriya.

Kayan yin wannan aiki an daɗe ana tara su. A 1928 Frederick Griffith a Ingila ya nuna cewa bakteriya mai rai tana iya ɗaukar hali daga matacciya, a 1944 kuma Avery da MacLeod da McCarty suka gano DNA ne abin da take ɗauka. A 1946 Lederberg da Tatum suka gano cewa bakteriya biyu kan haɗu ɗaya ta miƙa wa ɗaya gado, abin da za mu kira barbarar bakteriya. Barbara McClintock ta gano a jikin masara cewa akwai ƙwayoyin gado masu tsalle daga wuri zuwa wuri, aikin da ya ba ta lambar Nobel a 1983. A 1973 Cohen da Boyer suka yanka DNA suka liƙa a jikin filasmid, wato ɗan zoben DNA da ke zaman kansa a cikin bakteriya, suka shigar da shi cikin bakteriyar hanji mai suna Escherichia coli, ta karɓa ta riƙa haihuwa da shi.

Bakteriya Mai Taurin Kai

Duk waɗannan dabaru an ƙera su ne daidai da E. coli, wadda ba ta da tsirfa: tana rabuwa biyu cikin minti 20, kuma in aka shuka ta da yamma, da safe an ga tulinta. P. gingivalis kuwa sai a hankali. Da farko iskar oksijin guba ce a gare ta, don haka sai a cikin rufaffen akwati da aka cire wa oksijin ake renon ta, ma'aikaci ya zura hannu ta safar roba da ke manne da jikin akwatin. Na biyu ba ta cin sukari, gutsattsarin furotin take ci, kuma sai an ba ta sinadarin ƙarfe na cikin jini. Na uku sai a yi kusan mako guda ana jira kafin tulinta ya fito ya yi baƙi. Na huɗu, wanda ya fi duka tsanani, filasmid ɗin E. coli ba ya hayayyafa a cikinta, umarnin da ke kansa ma ba ta iya karanta shi, sannan tana da sinadaran da ke daddatsa duk baƙon DNA da ya shigo.

Mafita ta zo ne daga wani ɓangare. A Jami'ar Illinois, Abigail Salyers da Nadja Shoemaker suna aiki a kan dangin Bacteroides na cikin hanji, waɗanda 'yan'uwan baƙar bakteriyar ne ta wajen asali. A tsakiyar shekarun 1980 suka haɗa filasmid masu iya zama a gida biyu, wato a cikin E. coli da cikin Bacteroides, suka kuma sarrafa wata ƙwayar gado mai tsalle da ake kira Tn4351. Masu binciken baki suka ari waɗannan kaya, kuma daga nan hanyoyi uku suka buɗe.

Hanya ta farko ita ce barbara. A 1989 Ann Progulske-Fox da abokan aikinta a Jami'ar Florida suka ba da rahoton cewa sun sa E. coli ta miƙa wa baƙar bakteriyar filasmid. Akan haɗa su biyun a faranti ɗaya su zauna tare, daga baya a zuba maganin da ke kashe E. coli amma ba ya taɓa ɗayar, sai a tsince waɗanda suka karɓi saƙon.

Hanya ta biyu ita ce sakin ƙwayar gado mai tsalle, wadda aka yi nasarar ta a 1992. Ita wannan ba ta zaɓen inda za ta sauka. Duk jimlar da ta faɗa tsakiyarta ta lalace. Sai masana su duba dubban tuli su nemi wanda ya sauya hali, alal misali wanda ya ƙi yin baƙi, su bi sawu su gano wace ƙwayar gado ce aka taka.

Hanya ta uku ita ce huda da lantarki, wadda masana a Japan suka yi wa wannan bakteriya a 1993. Akan jiƙa bakteriya a ruwa mai ɗauke da DNA, a fizge ta da wutar lantarki na ɗan ƙiftawar ido, sai fatarta ta yi 'yan ƙofofi DNA ya shige kafin su rufe.

Da aka iya shigar da DNA, sai aka sami damar yin abin da Falkow ya nema, wato musanya. Akan kwafo ƙwayar gadon da ake zargi, a tsaga ta a tsakiya, a cusa wata ƙwayar gado mai ba da kariya daga maganin eritiromaisin. In aka shigar da wannan gurguwar, da yake gefe da gefenta sun yi kama da na asali, bakteriya da kanta takan cire lafiyayyar ta ɗora gurguwar a gurbinta. Daga nan sai a shuka su duka a faranti mai maganin: waɗanda ba su yi musanyar ba su mutu, waɗanda suka yi su tsira. A 1995 Hansel Fletcher da abokan aikinsa a jihar Virginia suka haɗa alama mai ɗauke da ƙwayoyin kariya biyu, ɗaya tana aiki a E. coli ɗaya a P. gingivalis, kuma ɗakunan gwaje-gwaje da yawa sun yi shekaru suna amfani da ita.

Makaman da Aka Ƙwace Ɗaya Bayan Ɗaya

Makami na farko da aka gwada shi ne 'yan siraran gasun da ke jikin bakteriyar, waɗanda take manne wa haƙori da dasashi da su. A 1994 masana a Buffalo ta jihar New York suka lalata ƙwayar gadon da ke ƙera su, mai suna fimA, suka sa wa ɓeraye. Mai gashi ta ci ƙashi, marar gashi kuwa ɓarnarta ta ragu ƙwarai. A wannan shekara dai Koji Nakayama na Jami'ar Kyushu a Japan ya cire ƙwayar gadon da ke taimaka mata jure wa oksijin, sai ga shi tana mutuwa nan da nan da zarar iska ta taɓa ta.

Babban makamin kuwa shi ne wasu sinadarai masu yanka furotin kamar almakashi, waɗanda ɗakin gwaje-gwajen James Travis da Jan Potempa a Jami'ar Georgia ya raɗa wa suna jinjifen a 1992. A lokacin an yi ta ruɗani, domin kowane ɗakin bincike ya tace nasa ya ba shi suna daban, har aka zaci almakasan suna da yawan gaske. Musanyar ƙwayar gado ce ta raba gardama. A 1995 Nakayama da jama'arsa suka lalata rgpA da rgpB, a 1998 suka lalata kgp, a 1999 kuma suka haɗa bakteriyar da ba ta da ko ɗaya daga cikin ukun. Sai ta bayyana cewa waɗannan ƙwayoyin gado uku su ne tushen kusan duk yankan. Wadda aka raba da su ba ta iya cin furotin sosai, ba ta iya dunƙule jajayen ƙwayoyin jini, kuma tulinta ba ya yin baƙi. Ashe baƙin launin nata sinadarin ƙarfe ne da take fizgowa daga jini da waɗannan almakasai ta shafe jikinta da shi.

An yi wa wasu maƙwabtanta irin wannan aiki. A 1996 ɗakin gwaje-gwajen Howard Kuramitsu a Buffalo ya lalata ƙwayar gadon motsi a jikin Treponema denticola, murɗaɗɗiyar bakteriya irin waɗanda Leeuwenhoek ya zana, sai ta kasa iyo. A 2003 aka karance rubutun gadon P. gingivalis kaf, haruffa sama da miliyan 2.3 masu ɗauke da ƙwayoyin gado kimanin 2,000. A 2012 masana a Jami'ar Tufts suka saki ƙwayar gado mai tsalle a cikin dubban bakteriya lokaci guda, suka karanta inda ta sauka a jikin waɗanda suka rayu, suka lissafa ƙwayoyin gado 463 da bakteriyar ba ta iya rayuwa in babu su.

Hukuncin da Ba a Zata Ba

Tun a 1998 Sigmund Socransky da abokan aikinsa a Cibiyar Forsyth ta Boston sun nuna cewa baƙar bakteriyar tana yawan tafiya tare da wasu biyu a inda ciwo ya yi zurfi, wato T. denticola da wadda a yau ake kira Tannerella forsythia. A 2011 George Hajishengallis da Richard Darveau da Michael Curtis da sauransu suka fito da sakamakon da ya sauya tunanin jama'a. Sun sa P. gingivalis a bakin ɓerayen da aka rena ba tare da ko bakteriya ɗaya a jikinsu ba. Ta zauna, amma ƙashi bai ci ba. Da suka sa ta a bakin ɓeraye na yau da kullum, yawanta bai kai kashi 0.01 cikin 100 na bakteriyar bakin ba, amma sai sauran suka ƙaru, tsarinsu ya birkice, ƙashi ya zaizaye. Da aka gwada a kan ɓerayen da aka cire wa wani sashe na garkuwar jiki da take bi ta kansa, ɓarnar ba ta auku ba.

Ma'anar wannan ita ce, tana rikitar da fararen ƙwayoyin jini masu tsaron dasashi, maƙwabtan da a da suke zaman lafiya su sami sarari su yaɗu, jiki ya mayar da martani da kumburi, kumburin kuma shi ke cin ƙashi. Irin wannan Bahaushe ke kira kanwa uwar gami. Ke nan Miller da ya ce taron dangi ne yana da rabonsa na gaskiya, Loesche da ya ce 'yan kaɗan ne shi ma yana da nasa.

Akwai wani sashe na wannan tarihi da ya shafe mu kai tsaye a Afirka ta Yamma. Wata bakteriyar dasashi mai suna Aggregatibacter actinomycetemcomitans tana da wani reshe da ake kira JP2, wanda a 1994 aka gano ya rasa haruffa 530 a gaban ƙwayar gadon da ke ƙera gubarsa, kuma wannan rashi ya sa yake fitar da guba mai kashe fararen ƙwayoyin jini fiye da sauran danginsa. Wannan sauyi ba a ɗakin gwaje-gwaje aka yi shi ba, haka ya auku a halitta. An fi samun reshen a tsakanin mutanen Afirka ta Arewa da ta Yamma da zuriyarsu a Amurka. Binciken da Dorte Haubek ta jagoranta a kan matasa 'yan makaranta a Maroko, wanda aka wallafa a 2008, ya nuna masu ɗauke da shi sun fi saurin kamuwa da ciwon dasashi mai cin ƙashi tun da ƙuruciya, wani binciken kuma a Gana ya sami irin wannan sakamako.

Kammalawa

Daga wasiƙar 1683 zuwa gwajin 1994 shekara 311 ke nan, kuma a duk tsawon wannan lokaci abin da ya hana shari'ar ƙarewa shi ne rashin hanyar taɓa abu ɗaya a bar sauran. Da aka same ta, cikin shekara 20 aka san makaman baƙar bakteriyar da kuma yadda take zuga maƙwabta. Wannan bai sa kowane zargi ya zama gaskiya ba. A 2019 an ba da rahoton samun jinjifen a ƙwaƙwalwar masu cutar mantuwa ta Alzheimer, amma maganin da aka haɗa don toshe shi bai cim ma babban burinsa ba a gwajin da aka kammala a 2021.

Mu da ke riƙe da alƙalami da alli, abin da ya rage mana shi ne mu kai wa jama'a wannan ilmi da harshen da suke ji. Yaro ɗan shekara 15 da haƙorinsa ke girgiɗa yana buƙatar likitan haƙori da gaggawa, haka ma babba da dasashinsa ke jini kullum. Sakamakon Löe na 1965 kuwa har gobe yana nan daram: dauɗar da aka kankare da asuwaki ko buroshi safe da dare ba ta samun sukunin tara taron da kanwa za ta gama.